Robar Taya a Ɗakin Kifin Madam

A bakin kogi a Gaya, kan iyakar Nijar, na fara sanin na bar gida. Gada a rufe, sai jirgin katako, mu fi talatin a ciki har da babura biyu da buhunan albasa. Ni ɗan Kurfai ne, ruwan da na sani shi ne na rijiya da na tabkin damina wanda ba ya wuce gwiwa. Da jirgin ya karkata sai na damƙe hannun wata tsohuwa da ban taɓa gani ba. Ta ce, "Sake ni, ɗan nan, in mun nutse ai ba ni zan fid da kai ba." Kowa ya yi dariya ban da ni. Ɗaya hannun nawa yana kan jakar kayan aikina, wadda na ɗaure a jikin tabarmata da robar cikin taya.

Ba yawo ya fitar da ni ba. Shekarar nan ruwa ya ɗauke gero yana fid da kai, gonarmu ta hanyar Tabla ba ta ba mu abin da zai kai tsakiyar rani ba. A gida na bar Inna, da Ramatu mai ɗakina, da ɗiya uku. Sana'ata gyaran firigo, shekara tara na yi a hannun Malam Gado a bayan kasuwar Filinge, amma wanda bai ci ya ƙoshi ba ina zai sayi ƙanƙara? Masu firigo suka juya su suka mai da su akwatin ajiye kwanoni. Saboda haka abu ɗaya na fito nema, aikin da zai sa hatsi ya shiga gidanmu kowane wata.

A tashar Paraku wani mutum ya ji ina cinikin gurasa da Hausa, ya rungume ni. "Kai, wanga harshe na Kurfai ne! Ni ɗan Sanam ne, ɗan uwa." Ya tambayi kasuwar Lahadi, ya tambayi ko an gyara hanyar Yamai, ya saya mini shayi da madara. Wallahi har ƙwalla na yi. Ya ce ya san wani otal da injinan sanyinsa suka mutu gaba ɗaya, mai wurin yana neman gwani ido rufe. Muka je wata babbar ƙofa mai shuɗin fenti, ya ce in ba shi jakar ya nuna wa mai gida kayan aikin don ya yarda da gaske nake. Na kwance robar da hannuna na miƙa masa. Daga hantsi na tsaya har la'asar. Da na gaji na dinga dukan ƙofar ina zagi, don a garinmu an san ni da baki, Shaibu Barkono suke ce mini. Mai gadi ya fito ya nuna mini cewa gidan haya ne, kuma yana da wata ƙofar ta baya. Abin da ya rage mini shi ne tabarma da robar da na kwance.

Daga nan na gangara Kwatano, ta ci mini wata biyu. Dako na yi a kasuwa, ina kwana a barandar wani masallaci na ƴan arewa. Garin ba ya bushewa, rigar da ka wanke yau jibi ma da danshinta. Abincinsu ba laifi, amma cikina fura yake nema, irin wadda Ramatu ke damawa da nonon Fulanin Damana. Wata mai koko a bakin masallacin ta lura ina sayen ludayi ɗaya in sha a tsaye, sai ta riƙa ƙara mini ƙosai biyu kyauta. In na aika saƙon murya gida kuwa, sai in gyara murya in ce aiki na nan tafe. Inna ta taɓa amsawa da cewa, "Shaibu, muryarka ta rame." Ranar na zauna bayan masallaci na yi kuka kamar ba magidanci ba.

A wurin ƴan dako na ji labarin ɗakunan sanyi na Lome, inda ake ajiye kifin da jiragen ruwa ke kawowa. Na tafi. Can ma da dako na fara, muna sauke kwalayen daskararren kifi daga kwantena muna shigar da su ɗakin sanyi na wata mata da kowa ke kira Madam. Rana ta huɗu ina wucewa da kwali a ka, na ji injin ɗakin yana tashi yana mutuwa, yana tashi yana mutuwa. Bakina ya riga ni, na ce da Hausa, "Wanga inji ƙishirwar gaz yake ji."

Sai na ji an ce daga bayan injin, "Wa ya faɗa maka?"

Wani tsoho ne gajere mai furfura, da shuɗiyar rigar aiki, yana goge hannu da tsumma. Na kusa sakin kwalin. Sunansa Baba Kosi, shi ne mai kula da injinan Madam tun da ta buɗe wurin. Shekara goma sha ɗaya ya yi a Yamai yana gyaran injinan sanyi, can ya koyi Hausa da ɗan Zabarmanci. Ya ce wata shekara zazzaɓi ya kayar da shi, mai gidan da yake haya ya yi jinyarsa sati uku kamar ɗan cikinsa, tun daga nan ba ya iya wuce ɗan Nijar a hanya. Ya yi mini tambayoyi na amsa. Daga ƙarshe ya ce, "Ka iya haɗa bututu?"

Na ce, "Baba, shekara tara fa."

Ya kai ni gaban Madam ya tsaya mini. Ta dube ni sama da ƙasa ta tambayi takarduna, ya ce shi ne takarduna. Aka ba ni rigar aiki da wani ɗan ɗaki a bayan ma'ajiya. Ƙarshen watan nan Ramatu ta aiko saƙo cewa buhun hatsi ya shiga gida, ina jin muryar ɗiyana a bayanta suna faɗan wa zai yi magana.

To, ga inda ƙaryata take. Na iya haɗa bututu, amma da wuta. Firigon gida duk liƙi ne, ka hura wuta ka narka sandar liƙi, shi ke nan. Manyan injinan nan kuwa suna da wani haɗi na daban wanda ake kwancewa a mayar. Ana buɗe bakin bututun jan ƙarfe da wani ƙarfe na musamman har ya yi kamar bakin mazurari, a zaunar da shi a kan hancin tagulla, a jawo noti a ɗaure. Babu wuta, babu komai a tsakani. Sau biyu na ga Baba Kosi yana yi, hannunsa na tafiya yana ba ni labarin Yamai. Na ce a raina wannan ai wasa ne. In tambaya? Ni mai shekara talatin da huɗu, da na cika baki a gaban mutum? Girman kai rawanin tsiya, na ɗaura shi na zauna.

Wata Juma'a da safe aka bugo wa Baba Kosi cewa yayansa ya rasu a ƙauyensu. Yana haɗa kaya yana ba ni umarni. Filtar babban ɗaki ta toshe, wato ɗan tulun ƙarfen da ke tace gaz, ga sabuwa ya ajiye. Ya nuna mini yadda zan tara gaz ɗin in rufe. Ya ce, "Ka canza, ka shafa ruwan sabulu a haɗin biyu. In ka ga kumfa ko ɗaya, kira ni, ko ina bakin kabari." Ranar aka cika ɗakin da sabon kaya har rufi.

Na kwance tsohuwar, na ɗaura sabuwar. Gefe ɗaya lafiya lau. Ɗaya gefen na shafa sabulu sai ga kumfa tana tasowa a hankali. Na ƙara ɗaurewa. Ta ƙaru. Na sa ƙarfina duka, irin na mai dako, sai na ji ɗan ƙas, kumfa ta koma tafasa. Da na kwance na ga bakin mazurarin ya tsage. Na ɗauko ƙarfen Baba, na yanke bakin, na gwada buɗe sabo. Ya fito a karkace. Na sake yankewa na sake gwadawa, ya fito da baki ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma bututun ya gajarce har da kyar yake kaiwa. In na sake yanka ba zai kai ba. Inji a kashe, ɗaki cike da kifi, gumi na zuba mini a ido. Madam ta leƙo daga ofis har sau biyu tana tambaya an gama? Wayata na aljihu. Na taɓa ta, na tuna mutumin yana kan hanyar gawar yayansa, na kuma tuna shekara taran da na faɗa masa. Na cire hannuna.

Wanda bai zauna ƙasarmu ba ba zai gane abin da na yi daga nan ba. A Kurfai robar cikin taya ita ce maganin duk abin da ke yoyo. Da ita muke yin guga. Da ita ake naɗe murfin jarka, da bakin ganga a kan amalanken jaki, da famfon unguwa in ya fara tsiyaya. Malam Gado kansa yakan ce abin da roba ba ta tsayar ba sai addu'a. Hannuna ya san wannan tun kafin ya san firigo. Na ruga ɗakina na kwance robar nan daga jikin tabarma, na yanko ɗan zobe da reza, na huda tsakiyarsa daidai ramin bututu, na zaunar da shi tsakanin karkataccen bakin da hancin tagulla, na ɗaure.

Na shafa sabulu. Shiru. Na ƙara shafawa na tsuguna ina kallo har ƙafata ta yi sanyi. Ko ƙwayar kumfa. Na buɗe gaz na ta da inji, sanyi ya sauko yadda ake so. Kai, ranar na ji kaina! Har cewa na yi a raina mutanen nan da duk kayan aikinsu ba su san dabarar da kowane mai jaki ya sani a garinmu ba. Asabar na duba, lafiya. Lahadi ba a buɗe wurin.

Litinin da safe tun daga bakin titi na ga ƴan dako sun yi cirko-cirko. Ruwa ne ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofar babban ɗaki, ruwa mai jaja-jaja, ƙudaje sun riga sun same shi. Mai gadi yana rantsuwa cewa ya ji inji yana tashi yana mutuwa tun Asabar da yamma, ya ɗauka haka yake yi. Da aka buɗe ƙofa warin ya buge mu. Kwalayen sama da na bakin ƙofa duk sun saki, kifin ya yi laushi, ka danna yatsa ya shige.

Madam ta iso ko ɗankwali ba ta ɗaura ba. Ba ta yi ihu da farko ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ta shiga ta fito, ta sa aka fara kwashe na tsakiya da bai narke ba zuwa ɗakin maƙwabci. Sannan ta juyo kaina. Faransancina na lakwal ne, makarantar boko aji huɗu, amma na gane kowace kalma. Ta ce ni ta gani a kan injin ranar Juma'a. Ta ce baƙon da ba shi da takarda, wanda ba a san daga inda ya fito ba, yau zai yi bayani a gaban hukuma. Ta fito da waya. Ni Shaibu Barkono, wanda ya tara jama'a a Paraku da zagi, na ja da baya na raɓe a jikin bango. Buhun nan kawai nake gani, da watan da zai zo babu shi.

Ana haka Baba Kosi ya shigo, daga tasha kai tsaye, da zanen makoki a kafaɗa. Ya ce Madam ta dakata ya duba tukuna. Ya bi bututun da ido, ya tsaya daidai wurin, inda man inji ya jiƙe ƙarfen ya kama ƙura. Ya sa sifana, notin ya juya ba tare da ya yi ƙarfi ba. Ina tsaye a bayansa, na ga abin da ya fito: robata, ta kumbura ta narke ta zama baƙin ƙulli kamar ɗanko. Ya ɗauke ta da yatsa biyu, ya rufe hannunsa a kanta, ya sa a aljihu. Bai dube ni ba.

Madam ta ce, "Me ka gani?"

Ya ce, "Bakin bututu ne ya lalace. Ni na buɗe shi da hannuna kafin in tafi, ina sauri, hankalina na gida. Shi ɗaurawa kawai na ce ya yi. Aikina ne, Madam."

Ta dube shi ta dube ni. Ta ce, "Haka ne?"

Na sunkuyar da kai. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, kuma na san abin da shirun nan yake nufi. Ta mayar da wayar jaka ta ce a gyara mata ɗaki kafin rana ta faɗi, sauran magana daga baya.

Muka rage mu biyu a bayan injin. Sai a lokacin ya fito da ƙullin robar ya ɗora mini a tafin hannu. "Mene ne wannan?"

Na ce, "Baba, a garinmu..."

"Na san garinku! Na sha ruwan guganku. Wannan rijiya ce?" Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. Ya kwance bawul ɗin da ke gaba ya nuna mini ƴar rariyar cikinsa, ta toshe da baƙaƙen gutsattsari. Ya ce man da ke yawo tare da gaz yana cin irin wannan roba, ta kumbura, ta yi laushi, ta zame daga ƙarƙashin noti. Noti ya saki, gaz ya gudu, abin da ya gutsure kuma ya bi bututu ya toshe hanya. Ya ce, "Jan ƙarfe yana da taushi, shi ne robar kansa. In ka buɗe bakin daidai, ka ɗaure daidai, shi zai kwanta a kan tagulla ya rufe. In hancin tagullar ne ya ji rauni, akwai siririn zobe na jan ƙarfe da aka yi don haka, ko ka canza hancin. In bakin ne ya lalace, ka yanke ka sake. In bututu ya gajarce, ka ƙara wani da wuta, abin da ka fi kowa iyawa. Hanya uku, kai ka bi ta huɗu. Me ya hana ka kira ni?"

Na ce, "Kunya."

Ya ce, "To ga ta nan ka saya mana da tsada."

Ya jefo mini guntayen bututu ya ce in buɗe. Ya nuna mini yadda ake yanka a miƙe, a kankare bakin ta ciki ana kifa shi ƙasa don kada garin ƙarfe ya shiga, a sa noti tukuna, a bar ɗan tsawo kaɗan sama da maƙalin da ke riƙe bututun, a juya a hankali. Na farko ya jefar. Na biyu ya jefar. Sai a na shida ya shafa bakin da babban yatsa, wannan bai jefar ba. Na ƙara sabon bututu da wuta, ya ce na gaskiyar ma ni zan buɗe. Na buɗe. Ɗigon mai ɗaya a bayan bakin, sifana biyu, ɗaya ta riƙe ɗaya ta juya, ya ce in tsaya tun ƙarfina bai ƙare ba. Muka zuƙe iska, muka cika gaz. Na shafa sabulu ina salati. Babu kumfa, kuma babu komai a tsakani sai ƙarfe da ƙarfe.

La'asar sakaliya sanyi ya sauko. Madam ta kira Baba Kosi ofis ta rufe ƙofa. Ina tsaye a tsakar wurin ina ganinsu ta gilashi, ita tana magana, shi yana riƙe da hularsa. Taku goma ne tsakanina da ƙofar nan. Na ƙirga su da ido ya fi sau ashirin, ƙafata ba ta ɗaga ba. Da ya fito na gane ta sallame shi, don ya wuce wurin ajiyarsa, ya cire shuɗiyar rigar ya ninke, ya zuba ƴan kayansa a leda.

A bakin ƙofar waje na cim masa. Na ce, "Baba, bari in koma in faɗa mata gaskiya."

Ya tsaya ya dube ni da kyau. Ni da shi duk mun san na jira sai da aka gama, sai da na tabbata zai ce a'a. Ya ce, "Kala suru, sai haƙuri, Shaibu. Ni ina da gona a ƙauye, yayana ya bar ta ba mai nomawa. Kai me kake da shi?" Ya ce, "Ni na bar ka da aikin da ban gwada ka a kai ba, wannan nawa ne. Naka kuma ka san shi." Ya tare ɗan acaɓa ya hau. Abin da har yau ban yafe wa kaina ba, da ya ce kada in koma, daɗi na ji. Wani sanyi ya sauka a ƙirjina tun babur ɗin bai sha kwana ba.

Shekara uku na yi a wurin bayan wannan, kuma ba a sake kwana da yunwa a gidanmu ba. Lambar Baba Kosi ta daina shiga tun watan farko, sunan ƙauyen kuma ban taɓa tambayarsa ba.

Washegarin tafiyarsa Madam ta kira ni ofis. Na shiga ina cewa a raina ko mai gadi ya ga wani abu. Makullan ɗakin inji ne a kan teburinta, da igiyar fatar da Baba ke rataya su a wuya. Ta ce ba ta so ta riƙe ni ba, tsohon ne ya roƙe ta kafin ya fita. Ta tura makullan gabana ta ce, "Ya ce kai mutum ne mai gaskiya, in ba ka amana."

Na miƙa hannu biyu na karɓa, na ce na gode.